A Madadin Yona

Ina tsakiyar markaɗa wa wata mata wake sai na ji waya tana motsi a ƙuguna. Injin markaɗe ba ya barin mutum ya ji ko kiran sunansa, ballantana ƙarar waya. Na ciro ta daga haɓar zani na duba, lambar mijina ce, Baban Purity. Na kashe inji ina mita, don na san ƙarshenta ya ce in ajiye masa tuwo da ɗuminsa.

"Kai ne matan mai wannan waya?"

Muryar wani namiji ce da ban sani ba, Hausarsa irin ta mutanen ƙauyukan Gbagyi, waɗanda mace da namiji duk "kai" ne a bakinsu.

Na ce, "Ni ce. Ina mai wayar?"

"Sunana Alfa, ni ne kwamandan 'yan banga a nan. Mijinka yana hannunmu. Yara sun ce infoman ɓarayin daji ne. Ina riƙe su, amma in la'asar ya yi ba wanda ya zo, hannuna ba zai iya ba."

Ya faɗa mini sunan tungar, can bayan Maikunkele a kan hanyar Wushishi, ya kashe. Ba zan faɗi sunanta a nan ba, mutanenta sun sha wahalar da ta ishe su.

Mai waken tana ta magana, wallahi ban san me take cewa ba. Na zauna a kan bokitin ruwa.

Yona mijina mai gyaran janareta ne a Sabon Gari, nan Minna, kuma shi ne shugaban kwamitin bishara a cocinmu. Ba wanda ya ɗora masa, shi ya ɗaga hannu da kansa. Duk Asabar, ranar da ciniki ya fi kyau, sai ya garƙame shago ya ɗauki jaka. Al'adarsu ita ce kafin su kai majigi da mawaƙa wani ƙauye, mutum ɗaya yakan riga su zuwa ya duba wuri. Ranar nan shi ya tafi. Da safe na ce masa, "Baban Purity, ƙauyukan nan ba kamar da ba ne." Ya ce mini Ubangiji ne ya aike shi. Na ce to Ubangijin ya ba ka hankali ma ai, ka tafi da shi. Ya yi dariya ya fita. Mutumin nan in ya sa kai, ko jirgin ƙasa ba ya juyo da shi.

Na kira fastonmu, waya a kashe, ya tafi taro. Na kira wani dattijon ikilisiya, ya ce bari ya tara sauran dattawa su shawarta. Su shawarta! Rana ta riga ta kai tsaka. Na jefa wayar cikin zani na ruga gidan Muhyiddeen, maƙwabcinmu mai akori-kura da yake ɗauko doya daga ƙauyuka. Na same shi ya sa hannu a kwano ke nan. Bai bari na gama bayani ba ya ture kwanon ya ɗauki makulli.

"Maman Purity, shiga mu tafi."

"Mu bi ta wurin 'yan sanda?"

"Kafin mu gama bayani a samo mota, la'asar ta yi. Kuma in yaran nan suka hango motar hukuma, kafin ta tsaya sun gama da shi. Na san halin da ake ciki a can."

Muka bi ta Bosso, muka wuce Maikunkele. Ina ta addu'a, amma addu'ar tawa rabinta faɗa ne. Ina ce wa Allah, kai ka aike shi, to ga shi nan, sai ka san yadda za ka yi. Da muka bar kwalta sai hanya ta zama taɓo, don damina ta yi nisa. Gonakin doya dama da hagu, ciyawa ta cinye kunyoyi, ba kowa a ciki. Muka wuce wata unguwa da rumbunanta suka ƙone, ko kaza babu. Muhyiddeen yana tuƙi yana ta kallon duhuwar daji.

A bakin tungar an gitta gungumen itace. Samari biyu da bindigogin toka suka fito daga bayan kuka. Suka leƙa motar, suka ɗaga tamfol, suka karɓe wayoyinmu, sannan suka ce mu sauka mu taka da ƙafa.

A ƙarƙashin wata ɗorawa na gan shi, gaban makarantar firamare. An ɗaure shi ta baya a jikin turke, yana zaune a ƙasa. An fasa masa kai, jini ya wanke rabin fuskarsa ya bushe, sabo kuma yana bi ta kai. Hannunsa na hagu ya karkace yadda hannu ba ya karkacewa. Takalminsa ɗaya yana can gefe. Maza sun yi masa zobe, kowa da abin da yake riƙe, mata kuma suna nesa a bakin zana suna kallo, ba mai cewa uffan. Shirun nan ya fi ihu ban tsoro.

Na yi kukan kura zan isa gare shi, wani saurayi mai jar hula ya tare ni da adda.

"Bar shi ya wuce," in ji wani gajeren mutum mai furfura da ke zaune a kan benci, bindiga a cinyarsa. Na gane muryar, Alfa ne. Idanunsa jajir, irin na wanda ya manta rabonsa da barci.

Na durƙusa gaban Yona na cire ɗankwalina na danna a kan raunin. Ya buɗe ido ɗaya, ɗayan ya kumbura ya rufe.

"Maman Purity," ya ce, "kada ki ji haushinsu. Ba su sani ba ne."

"Rufe mini baki," na ce. Ina faɗa ina kuka.

Muhyiddeen ya matso ya gaishe da Alfa da ladabi. Ya ce, "Kwamanda, ni Musulmi ne, wannan kuma maƙwabcina ne shekara da shekaru. Mai wa'azin coci ne kawai. Na tsaya masa."

Alfa ya dube shi sama da ƙasa. "Kai wa ya tsaya maka?"

Muhyiddeen ya ja da baya.

Na ce, "Yallaɓai, ku duba jakarsa, Littafi Mai Tsarki ne a ciki. Ku kira cocinmu. Me ya yi muku?"

"Ka tambaye shi abin da ya zo yana tambaya," in ji Alfa. Bai ɗaga murya ba. "Tun safe yana yawo a gari. Wai gida nawa ne a nan. Wai ƙarfe nawa maza suna dawowa daga gona. A ina mutane suna taruwa gaba ɗaya, har mata da yara. Ya je bakin rafi yana duba ko mota zai iya ƙetarewa. Ya ɗaga waya sama yana neman inda sabis yake. Ya auna filin makaranta da ƙafa. Sai ya tare wani yaro wai akwai wani hanya ta baya, in wannan ya lalace?"

Tambayoyin nan ba baƙi ba ne a wurina. Na san su duka. Su ne Yona yake yi a ko'ina, don a san inda za a kafa farin ƙyalle, a ajiye janareta, da lokacin da mutane za su samu zuwa. A falonmu na sha jin yana koya wa 'yan kwamiti su. Ban taɓa jin su da kunnen mutumin ƙauye ba sai ranar.

"Don majigi ne," na ce. "Yallaɓai, wallahi don majigi ne."

"Na farko ma don magani ne," in ji mai jar hula. "Mai maganin basir ne ya zo da lasifika. Ya ci abincinmu, ya yi sallah da masu sallah, ya gaida masu coci. Irin tambayan nan ya yi, ɗaya bai bari ba. Kasuwa bai zagayo ba suka zo a kan mashina. Sun yanka yayana a gaban matanshi. Sun tafi da matan Kwamanda da wasu, har yau ba labari. Littafi? Ɓarawo ba ya iya sayen littafi?"

Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ni a zuciyata na san da ni ce a wurinsu, da abin da zan zata ke nan.

Sai Yona, wannan bawan Allah da ba ya gane bakin rijiya, ya ɗago kai ya dubi mai addar ya ce, "Ɗan'uwana, yaya sunan yayan naka? Ina so in..."

"Kun ji ko!" yaron ya kurma ihu. "Har yanzu yana tambaya!"

Zoben ya matso. Wani ya ɗana bindiga, na ji ƙarar ƙarfen a cikin haƙorana. Alfa ya miƙe ya daka tsawa da Gbagyi, suka tsaya, amma ba su ja da baya ba. Na dubi inuwar ɗorawa, ta fara miƙewa gabas. Na toshe bakin Yona da tafin hannuna, na ji numfashinsa yana fita guntu-guntu. Ɗankwalin ya jiƙe sharkaf.

Alfa ya sunkuyo kusa da ni ya rage murya. "Madam, ka ji gaskiya. Ni ban sani ba ko shi ne ko ba shi ba ne. Shi ya sa na kira. In na sake shi kuma infoma ne, ya kai saƙo, jinin garin nan yana wuyana. In na ajiye shi har ranan kasuwa mu gani, ba zai kai ba, ka ga kanshi. Yaran nan kuma ba za su jira ba. Ka ba ni abin da zan gaya musu."

Abin da zai gaya musu. Katin coci ba zai yi ba, rantsuwa ba za ta yi ba, shaidar maƙwabci ta riga ta faɗi. Ni dai Esta, ba mai wahayi ba ce. A zumuntar mata tulu nake bugawa a layin baya, ko addu'ar rufewa aka ce in yi sai in nuna ta kusa da ni. Ban ji wata murya daga sama ba. Bakina ne kawai ya buɗe, na ji maganar tana fita kafin in auna ta.

"Ku riƙe ni."

Alfa ya ce, "Me?"

Na miƙe tsaye don duka su ji. "Ku bar shi a kai shi asibiti, ni in zauna. Inda matanku suke kwana nan zan kwana, har kasuwa ta zagayo, har ta sake zagayowa in kuna so. In shi ya kira su, to a kaina za su sauka. Wane infoma ne zai nuna wa ɓarayi garin da uwar 'yarsa take ciki?"

Daga bakin zana wata mata ta faɗi wani abu da Gbagyi, wata ta amsa mata.

"A'a," in ji Yona. Ya yi ƙoƙarin tashi, igiya ta mayar da shi. "Maman Purity, a'a. Ni aka aiko, ba ke ba."

"Kai ka fara, ni zan ƙarasa. Ka yi shiru ko sau ɗaya a rayuwarka."

Mai jar hula ya matso har ina jin warin guminsa. "In suka zo fa? Ko shi ya kira ko ba shi ba, mu ba za mu tsaya tambaya ba. Ka gane?"

Na gane sarai. Ɓarayin nan ba sa bukatar Yona kafin su zo, suna iya zuwa gobe don kansu, kuma in suka zo babu wanda zai yarda ba shi ya kawo su ba. Na tuna Purity, yanzu ta dawo daga lesin ta tarar da inji a kashe da waken mutane a ciki. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na kusa cewa na fasa.

Na ce, "Na gane."

Suka ja gefe suna magana, har da dattawa biyu da ban lura da su ba tun farko. Muryoyi suka tashi suka sauka. Mai jar hula ya sari ƙasa da addarsa ya juya baya ya tafi. Daga wani ɗan masallaci na jinka aka fara kiran la'asar. Alfa ya dawo ya ciro wuƙa. Numfashina ya ɗauke, sai na ga igiyar ya yanka.

Muhyiddeen da wani saurayi suka ɗauki Yona suka kwantar a bayan akori-kura a kan tamfol. Ya riƙe mini hannu da hannunsa mai lafiya ya ƙi saki, sai da na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Malam Muhyiddeen," na ce, "Purity ta kwana wurin matarka. Kada a gaya mata komai, a ce na je jinya."

Ya gyaɗa kai, idanunsa sun cika. "Maman Purity, Allah ya tsare ki."

Aka mayar wa Muhyiddeen wayarsa, aka janye gungumen, mota ta fita tana tangaɗi cikin taɓo. Na tsaya ina kallo har ƙararta ta ɓace. Sai a lokacin na ga ƙafata ɗaya babu silifas, ban san inda ya faɗi ba.

Gidan Alfa aka kai ni. Wata mata ta ba ni ruwa na wanke hannu, ta ba ni tsohon ɗankwali. Ta nuna mini wata 'yar hanya ta bayan rumbu da ta shige cikin dawa, ta ce in na ji usur nan ake bi, ba a ɗaukar kaya, ba a kiran sunan kowa. Ta ce a garin nan kowace mace tana da wanda take goyawa in an tashi gudu, mai jariri jaririnta, mara jariri kuma tsoho ko mara lafiya. Sannan ta kai ni ƙofar wani ɗaki.

Wata tsohuwa ce zaune a kan tabarma, ƙarama kamar yarinya, idanunta fari fat. Uwar Alfa ce. Surukarta, matar Alfa da aka tafi da ita, ita ce take goya ta a da. Tun daga ranar, in an busa usur sai a tura ta ƙarƙashin rumbu a rufe da zana, a bar ta da Allah.

Na durƙusa na ce, "Sannu, Kaka."

Ta miƙo hannu ta laluba fuskata, ta sauka kafaɗuna, ta matsa bayana kamar mai taya akuya a kasuwa. Hausarta ta fi ta ɗanta, ta ce a Zungeru ta yi ƙuruciya.

"Kina da ƙashi," ta ce. "Za ki iya. Amma kina rawa."

"Tsoro nake ji, Kaka."

"Mu ma. Zauna."

Na zauna kusa da ita. Ta sa aka kawo mini dafaffiyar doya da manja. Rana ta yi sanyi, maza sun fara wucewa da bindigogi zuwa wuraren gadinsu. Can sai ga Alfa ya shigo, gumi ya jiƙa masa riga. Ashe kan dutse ya hau, inda ake samun sabis. Ya tsaya a bakin ƙofa bai dube ni ba.

"Direba ya kira. Sun kai asibiti. An ɗinke kan, yana magana."

Na kifa fuska a cinyata na yi kukan da na riƙe tun tsakar rana. Tsohuwar ta bar ni sai da na gaji, tana ɗan bubbuga bayana.

"To," ta ce, "tunda an fasa masa kai bai samu ya faɗa ba. Me mijin naki ya zo gaya mana?"

"Kaka, ni ban iya wa'azi ba. Shi ne ya iya."

"Shi ba ya nan. Ke ce a nan, kuma kasuwa da saura."

Na share fuska da ɗankwalin aro. Na nemi ayoyin da Yona yake zubowa kamar ruwan famfo, ko ɗaya ba ta zo mini ba. Alfa yana nan a bakin ƙofa, ya kamata a ce ya tafi wurin yaransa, amma bai tafi ba.

Na ce, "Kaka, a Littafinmu akwai wani da aka taɓa kamawa haka, aka ɗaure shi aka yi masa duka, bai yi laifin komai ba. Shi kam ba wanda ya zo ya karɓe shi."

"Ba shi da mata?"

"Ba shi da ita."

"Kash," in ji tsohuwar. Ta gyara zama ta juyo da kunnenta wajena. "Sai aka yi yaya?"

Alfa ya jingine bindigarsa a bango, ya jawo turmi ya zauna.